Daga Zuru Zuwa Kogi: Tarihin Sa Hannun da Bai Taɓa Kaiwa Akwati Ba

Sau uku aka sauya wa Zuru jiha cikin shekara 24. A 1967 Gowon ya sa ta a Jihar Arewa Maso Yamma, a 1976 Murtala ya mayar da ita Jihar Sakkwato, ranar 27 ga Agusta 1991 kuma Babangida ya yanko Kebbi ya haɗa da ita. Duk a rediyo mutane suka ji. Babu manomin Ribah ko na Mahuta da aka miƙa wa takarda aka ce ya dangwala yatsa, ya yarda ko bai yarda ba. Sau ɗaya tak aka taɓa ƙirƙiro yanki a Najeriya ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama, wato Yankin Tsakiyar Yamma a 1963.

A wasu ƙasashen jama'a ke ɗora magana a kan takardar zaɓe da hannunsu. Tun 1891 mutanen Suwizalan ke da wannan dama, yau sa hannu 100,000 cikin wata 18 ya isa a kira ƙasar duka ta kaɗa ƙuri'a kan gyaran tsarin mulki. Jihar Oregon ta Amurka ta ɗauki irin tsarin a 1902, Kalifoniya a 1911.

Kundin 1999 bai buɗe mana wannan ƙofar ba. Ɗan takara sai jam'iyya ta tsayar da shi, indifendan da aka sani a Jamhuriya ta Farko ya zama labari. Neman sabuwar jiha ma, kamar Jihar Kainji da taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar a yanko daga Kebbi da Neja, sashe na 8 ya ce daga 'yan majalisar yankin buƙatar za ta fito, ba daga masu zaɓe ba. Abin da aka bar wa talaka shi ne kiranye, a sashe na 69 da na 110. Shi ma ɗan majalisa kaɗai yake kamawa, gwamna da shugaban ƙasa sun fi ƙarfinsa.

Ga yadda yake. Fiye da rabin masu rajista a mazaɓa za su sa hannu a takardar ƙorafi cewa sun yanke ƙauna da wakilinsu. Hukumar INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba-gardama cikin kwana 90. Mai karatu ya lura, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe aka ce ba, rabin duk sunayen da ke cikin rajista.

Jihar Kogi ce ta gwada mana abin sau biyu. A 2017 aka kai wa INEC sa hannu sama da 188,000 kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma. Bayan jeka-ka-dawo a kotu, ranar 28 ga Afrilu 2018 aka ce kowa ya zo rumfarsa ya tabbatar hannunsa ne. Waɗanda aka tantance ba su kai 19,000 ba, kashi 5.34 cikin ɗari na masu rajista. Ko dai akasarin sa hannun na bogi ne, ko mutane sun ƙi fitowa, wataƙila duka biyun. A 2025 aka sake kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya: INEC ta ƙirga 208,132 daga masu rajista 474,554, ta ce bai kai rabi ba, magana ta mutu tun kafin tantancewa. A duka biyun ma an yi ta zargin cewa manya ne ke tura motar daga baya.

Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan. Layi ne da ke zaune cikin tsari, an rubuta shi tsaf, amma sharaɗin da zai kai ka gare shi ba ya taɓa cika. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, duk da kamfe da kuɗi da motocin jigila, kusan kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito. To ta ina wasu talakawa za su tara sama da 50, a rajistar da ke ɗauke da matattu da waɗanda suka ƙaura? Kalifoniya ta tsige Gwamna Gray Davis a 2003, abin da dokarta ta nema don a kai ga akwati shi ne kashi 12 na ƙuri'un zaɓen da ya wuce.

Ban ce a sauke shingen har ƙasa ba, don mai jakar kuɗi zai riƙa sayen kiranye kamar goro. Amma a ɗauki Kebbi ta Kudu da ƙananan hukumominta bakwai, daga Shanga da Ngaski har Sakaba. A Danko-Wasagu akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka watsa, mutanensu na raɓe a Zuru da sauran garuruwa. Su suka fi kowa dalilin tuhumar wakilinsu, sunayensu kuma na cikin adadin da ake raba biyu. Ranar tantancewa, rumfar da za a ce su koma tana garin da suka gudo.