Hatimi da Hisabi a Ƙasar Hausa

Hatimi zane ne mai gidaje da ake cikawa da lambobi ko haruffa, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Ya shigo ƙasar Hausa tare da littattafan Larabci, musamman Shamsul Ma'arif da ake dangantawa ga Ahmad al-Buni, malamin ƙarni na 13. Mafi shahara shi ne mai gida tara, wanda ake jingina wa Imam Gazali: lambobi daga 1 zuwa 9, 5 a tsakiya, kowane layi ya ba da 15. Malaman zaure sun riƙe shi don laya da rubutun sha, sai dai ƙarƙashin wannan amfani akwai lissafi tsantsa.

Wanda ya fi fito da wannan lissafi shi ne Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi. Ya yi karatu a Katsina, ya ɗauki ilimi wurin Muhammad al-Wali na Bagirmi, sannan ya tafi aikin Hajji. Ya rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ kan ilimin haruffa da hatimai, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, wato 3, 5, 7 da sauran lambobin da ba sa rabuwa biyu daidai. Daga baya ya zauna a Alƙahira a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, can ya rasu a 1741. Ɗan mai masaukinsa, Abdurrahman al-Jabarti, masanin tarihin Masar, ya sa shi cikin malaman da ya ba da labarinsu. Kwafen aikinsa yana Landan, kuma Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatun Turanci a 1973.

Hatimin mara yana da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. A ƙirga gidaje duka, a ƙara ɗaya, a raba biyu: wannan ita ce lambar tsakiya. A ninka ta da yawan gidajen gefe, jimlar layi ta fito. Mai gefe 5 yana da gidaje 25, tsakiyarsa 13, jimlarsa 65. Tunda lambar tsakiya mara ce a kullum, gefe ma mara, jimlar ba ta taɓa zama cika. Kuma tunda ninki ce, dole ta rabu daidai, ba saura, bisa yawan gidajen gefe. Ko da hatimin ya kai girman fili, jimlarsa mara ce mai rabuwa.

Abin ya fi ban sha'awa idan gefen kansa mai rabuwa ne. Tara uku ce sau uku, don haka mai gefe 9 ana iya gina shi da ƙananan hatimai tara. Na farko ya ɗauki 1 zuwa 9, na biyu 10 zuwa 18, har a kai 81, sannan a jera su bisa tsarin hatimin Gazali. Kowane layi zai ba da 369. Da wannan dabarar ake hawa zuwa gefe 27, mai jimla 9,855, da gefe 81, mai gidaje 6,561 da jimla 265,761. Wannan lambar ta ƙarshe 81 ce sau 3,281, ita kuma 3,281 ɗin 17 ce sau 193. Babu allon da zai ɗauki irin wannan zane, amma wanda ya san ƙa'ida zai faɗi jimlarsa ba tare da ya tsoma alƙalami a tawada ba.

A yau hatimi yana nan a hannun malamai daga Katsina har Jos, galibi ana kwafo shi ne daga tsofaffin takardu. Masu iya gina sabo da kansu ba su kai masu kwafa yawa ba, kuma sunan al-Katsinawi ya fi yawo a littattafan tarihin lissafi na ƙasashen waje fiye da azuzuwan lissafi na garinsu.