Barikanci: Hausar da aka haifa a barikin soja

Barikanci wata sassauƙar Hausa ce da ta samo asali a barikokin sojan mulkin mallakar Ingila a Arewacin Najeriya, a farkon ƙarni na 20. Sunan ya fito daga "bariki", kalmar da Hausa ta aro daga Turanci. Da yake Bahaushe ya daɗe yana yi wa "ɗan bariki" kallon wanda ya bar tarbiyyar gida, harshen ma ya gaji wannan raini.

A 1897 Ingila ta ɗora wa Lugard alhakin kafa rundunar da aka fi sani da WAFF. Ta ɗebi sojoji daga ƙabilu masu yawa waɗanda ba sa jin yaren juna, hafsoshinsu kuma Turawa ne. Hausa ce ta haɗa su, amma kowa ya kama ta daidai ƙarfin bakinsa. Sai bambancin namiji da mace ya zube, aka koma cewa "yarinya ya zo". Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, suka zama b, d da k, har "ƙasa" da "kasa" suka zama abu ɗaya a kunne. Karin sauti da jan wasali ma suka yi rauni. Daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turanci ya fara karɓe matsayinta a cikin rundunar.

Faransa ta bi wata hanyar daban. Sojojinta baƙar fata an yi musu magana ne da gutsurarren Faransanci, har aka buga ɗan littafin koyar da shi ga hafsoshi a 1916.

Masana harshe suna raba irin waɗannan harsuna gida biyu. Akwai fijin, wanda ake amfani da shi don biyan buƙata a kasuwa ko wurin aiki, ba wanda ya tashi da shi a gida. Akwai kuma kiriyol, wato fijin ɗin da yara suka buɗe baki da shi. Barikanci ya tsaya a mataki na farko. Singlish na ƙasar Singafo, wanda ya cuɗa Turanci da Malay da Tamil da yarukan Sin irin su Hokkien, ya kai na biyu. A 2000 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da kamfe na yin "Turanci mai kyau" don rage masa ƙarfi, amma jama'a suka riƙe abinsu a fina-finai da hirar yau da kullum, kuma a 2016 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wasu kalmominsa. Turancin Buroka na Najeriya ma ya samu irin wannan ɗaukaka da BBC ta buɗe masa sashe a 2017.

Batun bai yi nisa da Malanville ba. A wannan gari na jihar Alibori, wanda kogin Kwara ya raba shi da Gaya, Dendi ne babban harshen gari, Faransanci na makaranta da ofis, Hausa kuwa ta fatauci. Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Bariba kan yi cinikin albasa da shinkafa da Hausar da ta yi kama da Barikanci wajen zubar da jinsi da ƙugiya, ga kalmomin Faransanci irin su duwan, jandarma da lakwal. Haka abin yake a zangunan Ghana, inda Hausar da ake kira Gananci ta zama harshen gida ga dubban iyalai.

Kuskure ne a kira duk wannan Barikanci, domin yaron da ya tashi a zango ba guntuwar Hausa yake yi ba, karin harshen garinsu yake yi. Sai dai in ya je Kano ko Maradi aka yi masa dariyar "ya" da "ta", sau da yawa yakan ja bakinsa ya koma Faransanci.