Waƙa a rediyo: wa ke bin wa bashi?

Kafin akwatin rediyo ya shigo ƙasar Kabi, makaɗi ya san mai biyansa, domin ido da ido suke. Makaɗin fada yana da ubangidansa, makaɗin noma yana da manoman gayya, makaɗin dambe yana da 'yan kallo masu yin kari. Riga ce, doki ne, damin gero ne, nan take ake miƙawa. Ba a biyan kuɗi don a saurari waƙa, ana biya ne don sunan mutum ya shiga cikinta. A kan wannan tsari Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani suka yi sunan da har yau ake tunawa da shi a Argungu da Yawuri.

Da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, sai murya ta rabu da mai ita. Waƙar da aka ɗauka sau ɗaya ana iya sa ta shekara da shekaru, a ji ta a rumfar mai shayi da bakin gulbi. Daga baya Rima Radiyo ta zo a Sakkwato, sannan Jihar Kebbi ta samu tasharta bayan an ƙirƙiro ta a 1991. Makaɗa irin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo sun amfana, domin wanda ya ji ka a rediyo shi ne zai gayyace ka biki. Gidan rediyo ya cika lokacinsa, makaɗi ya samu talla, mu masu sauraro muka sha kiɗa kyauta.

Sai dai doka da wani ido take kallon lamarin. Tun 1912 Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa mana dokar haƙƙin mallaka ta Ingila. Nijeriya ta yi tata a 1970, ta sake wata a 1988 bayan matsin lambar ƙungiyar mawaƙa ta PMAN, aka kafa hukumar kula da haƙƙin mallaka a 1989. A wurin doka waƙa dukiya ce, wanda ya watsa ta ga jama'a kuma sai da izinin mai ita. Da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a 1992, kiɗa ya zama abin jawo tallace-tallace, maganar biya ta fito fili.

Mawaƙi ɗaya ba zai iya bin kowace tasha yana karɓar haƙƙinsa ba, shi ya sa ake kafa ƙungiyar da za ta karɓa a madadin kowa. A 2010 hukuma ta amince da COSON, ƙarƙashin Tony Okoroji, a matsayin mai wannan aiki ita kaɗai. Ta soma kai tashoshi kotu tana neman kuɗi masu nauyi. A Disamban 2013 ƙungiyoyin masu gidajen rediyo da talabijin, BON da IBAN, suka mayar da martani da sanarwar daina sa waƙoƙin 'yan COSON, ciki har da 2face Idibia da D'banj. Sai a Mayun 2014 aka sa hannu kan yarjejeniyar yadda za a riƙa biya.

An taɓa irin wannan a Amurka a 1941, lokacin da gidajen rediyo suka ƙaurace wa waƙoƙin ƙungiyar ASCAP kusan wata goma saboda ta ƙara kuɗi. Suka koma ga sabuwar ƙungiyarsu ta BMI, wadda ta buɗe ƙofa ga mawaƙan karkara da baƙaƙen fata da a da ba a kula su. Rigimar kuɗi ce ta sauya abin da kunnen jama'a ke ji.

Wani ɗan Birnin Kebbi ma ya shiga wannan tarihi. A 2017 Ministan Shari'a Abubakar Malami ya umarci hukuma ta amince da MCSN, tsohuwar abokiyar hamayyar COSON. A 2018 aka dakatar da lasisin COSON, shari'u suka biyo baya. A 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka wadda ta shafi har abin da ake ɗorawa a intanet.

To, a duk wannan kai-komo, ina makaɗinmu? Tasha takan biya kuɗin lasisi a dunƙule, ƙungiya kuma ta raba wa mambobinta. Rabon adalci yana buƙatar abu biyu: sunan mai waƙa a rajista, da jerin abin da tasha ta sa, da lokacin da ta sa shi. Mu da ke aikin rubuta manhaja mun san cewa abin da bai shiga rumbun bayanai ba, a wurin kwamfuta babu shi. Manhajar da ke gane waƙa daga sautinta tana kwatantawa ne da samfurin da aka ajiye mata. Idan ba a ajiye muryar Gambu ko ta Ɗan Anace ba, ko sau ɗari aka sa su a wata, lissafi sifiri zai nuna. Kuɗin da tashar Arewa ta biya saboda kiɗan Hausa yana iya ƙarewa a aljihun wanda ba ta taɓa sa waƙarsa ba.

Alhali haƙƙin yana nan. Doka tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan magadansa suna da haƙƙi har 2061. Shata ya rasu a 1999, nasa sai 2069. Gado ne kamar gona, sai dai gonar da ba a shata iyakarta ba.

Akwai kuma kiɗan da ba shi da mai shi guda ɗaya, irin wanda makaɗa ke yi cikin kwale-kwale a Matan Fada ranar kamun kifi. Bikin ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Doka ta kira irin wannan kiɗa gadon al'umma, ta ɗora ikon ba da izinin kasuwanci da shi a hannun hukumar da ke Abuja. Kabawan da suka gaje shi kaɗan ne suka san da haka.

Mai sauraro ma yana da abin da zai rasa. Idan aka matsa wa ƙaramar tasha da kuɗin da ba ta iya biya, hanya mafi sauƙi ita ce ta rage kiɗa ta sayar da lokacin ga masu maganin gargajiya da 'yan siyasa. Idan kuma ba a biya kowa ba, ɗan makaɗi zai ajiye kotso ya kama acaba. Ko ta ina, manomin da ke rataye da rediyonsa a fadama shi ke asara.

Aikin da ke gabanmu bai fi ƙarfinmu ba. A juye tsofaffin kasa-kasan da ke ɗakunan ajiyar tashoshi zuwa kwamfuta kafin su ruɓe, a rubuta sunan kowace waƙa da makaɗinta da magadansa, kowane mai gabatar da shiri ya riƙa ajiye jerin abin da ya sa. Da wannan takarda a hannu magada za su iya zuwa rajista, tasha kuma ta san wa take biya. Wanda bai zo wurin rabo ba, ba a ajiye masa kaso.