Hillel (ƙungiyar ɗaliban Yahudawa)

Hillel ƙungiya ce da ke kula da addini da zamantakewar ɗalibai Yahudawa a jami'o'i, hedikwatarta kuma tana birnin Washington na Amurka. Rabbi Benjamin Frankel ne ya kafa ta a Jami'ar Illinois a shekarar 1923, aka raɗa mata sunan wani babban malamin Yahudawa na zamanin dā wanda ya taso daga Babila ya koyar a Kudus. Ƙungiyar Yahudawa ta B'nai B'rith ta daɗe tana ɗaukar nauyinta kafin Hillel ta tsaya da ƙafafunta a shekarun 1990.

Hillel ba ta neman sababbin mabiya, domin Yahudanci ba ya kiran wasu al'ummai su shige shi. Damuwarta ita ce matashin da ya bar gida kada ya yi nisa da gadonsa. Saboda haka take shirya liyafar daren Juma'a ta shigowar Shabbat, wato ranar hutun Asabar, da darussan Attaura, da abincin kosha, wanda shari'ar Yahudawa ta halatta, hidimar da ke da muhimmanci ƙwarai ga ɗalibin da yake baƙo a gari. Ɗariƙar Yahudawa ta Chabad ma tana irin wannan aiki, tun da ta buɗe gidanta kusa da Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles a 1969.