Labarin Zungeru da Bakin Kogin Kaduna

Sau da yawa in muka tambayi yara a makaranta ina ne babban birnin mulkin Turawa a Arewa, sai su amsa baki ɗaya su ce Kaduna. Ba su yi ƙarya ba, amma sun tsallake tsani. Kafin Kaduna akwai Zungeru, wadda mutanen dā ke kira Dungurum, ƙauye ne a bakin kogin Kaduna, a ƙasar Gwari. To, bari mu ɗan tsakuro labarinta don kada ya ɓace.

Tun Turawa ba su zo ba ƙasar nan ba ta zauna lafiya ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kwantagora, Wushishi kuwa sansanin yaƙinsa ce. Daga baya ɗansa Ibrahim ya hau gadon sarauta, ya ci gaba da kai hari. Daga kudu kuma ga Nufawan Bidda. Saboda haka talakawa da yawa suka bar fadamu masu albarka suka hau duwatsu. Mutum na ganin ƙasar noma, amma ba shi da ikon kai fartanya.

Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya zauna Jabba. Amma Jabba ta yi nisa da Kano da Sakkwato, inda idonsa yake. Sai ya aika soja suka yi bariki a Wushishi. Farkon 1901 aka ci Kwantagora, aka ci Bidda. Da ma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gama mutanen da aka daɗe ana kama 'ya'yansu ba su ga dalilin tare wa sarakunan nan faɗa ba.

Cikin 1902 Gwamna ya tare a Zungeru. Me ya ja shi can? Kogi ne. A zamanin nan babu mota, babu hanya sai ta 'yan ƙafa da jakai. Kaya daga teku sai su biyo Kwara, su shiga Kaduna. Amma ruwan Kaduna na damina ne, da rani jirgi ba ya wucewa. Don haka aka shimfiɗa wata 'yar siririyar hanyar jirgin ƙasa daga Barijuko zuwa Zungeru, mil 22, ita ce ta fari a Arewa duka.

Nan da nan daji ya zama gari. Ga soja, ga akawuna daga Ikko da Saliyo, ga kukumai da boyi-boyi, ga fatake Hausawa da Yarabawa da Nufawa. Cikin 'ya'yan akawunan nan ne aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Daga Zungeru aka shirya yaƙin Kano da Sakkwato na 1903, daga nan kuma aka aika soja Satiru a 1906. An kuma gina gida don renon yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi.

Yanzu sai mu tambaya, mutanen ƙasa fa, me suka samu? Gaskiya sun sami barci da ido biyu rufe, hari ya ƙare, aka sauko gona. Amma wani kaya ya maye gurbin wani. Su ne 'yan dako, su ke saran itace, su aka ɗiba aikin hanyar jirgi ko suna so ko ba sa so, ga kuma haraji da kuɗin Bature. Littattafai sun riƙe sunayen gwamnoni, ba su riƙe sunan wanda ya ɗauki ƙarfen dogo a ka ba.

Abin da ya ta da Zungeru shi ya kwantar da ita. Da jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, sai kogi ya rage daraja. Ga zafi, ga sauro. Bayan an haɗa Kudu da Arewa a 1914, sai aka kwashe ofisoshi aka koma Kaduna a 1917. Har 'yar gadar ƙarfe ta Lugga daga baya aka ciro ta aka kai can. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Abin da muke roƙon 'yan'uwanmu malamai shi ne, kowa ya zauna da tsofaffin garinsu, ya rubuta abin da suka ji daga kakanninsu. In ba mu yi ba, jikokinmu za su san labarin baƙo, su jahilci na mai gida. Allah ya sa mu gane, amin.