Ba Mai Cin Tuwo a Kwance

Mu likitocin haƙori mun daɗe muna nazarin muƙamuƙi kamar babu wuya a ƙarƙashinsa. Tun 1926, da Beverly McCollum da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a Kalifoniya, burin malamanmu shi ne a gano mazauni ɗaya tak na gaɓar muƙamuƙi, a gina cizo a kansa. A 1952 Ulf Posselt, a Suwidin, ya auna iyakar motsin muƙamuƙin ƙasa, ya nuna cewa yawancin mutane ba a wannan mazaunin suke haɗa haƙora ba. Suna ɗan zamewa gaba, kimanin milimita 1.

Sai kuma kujerarmu ta sauya. Daga shekarun 1960 aka koma kwantar da majinyaci rigingine, likita na zaune. Bayanmu ya huta, amma awonmu ya karkace. Idan kai ya koma baya, muƙamuƙi ma baya yake yi, turame su riga haɗuwa. Mai cin abinci kuwa sunkuyawa yake, muƙamuƙin ya matso, haƙoran gaba su fi saurin taɓa juna. Norman Mohl ya ja hankali kan wannan a 1976.

Mai lafiyayyun haƙora bai cika jin bambancin ba, domin tudu da kwarin turamensa suna mayar da muƙamuƙi gurbinsa ko yaya ya karkata kai. Wanda nasa suka cinye, ko don cizon haƙora cikin barci, ko tsamin ciki mai tasowa, ko tsakuwar da ke cikin hatsi, ya rasa wannan jagorar. Samansu ya shafe, muƙamuƙi na yawo. A gina masa sababbin haƙoran gaba yana kwance, a ga komai daidai. Ya je gida ya sunkuya kan kwano, su dinga karo har ɗaya ya ɓalgace. Wannan yana damuna ƙwarai, don kuɗinsa ne da wahalarsa.

Wasu sun zarce, suka ce kankare saman haƙora don daidaita cizo na warkar da ciwon baya. Daniele Manfredini da abokansa sun bi diddigin binciken a 2012, ba su sami hujjar da za a dogara da ita ba. Haƙorin da aka kankare kuwa ba ya tsirowa.

Shi ya sa nake saka takardar gwajin cizo sau biyu: majinyaci na kwance, sannan in ɗaga kujera in ce, “Baba, sunkuya kamar za ka ci abinci, ka ciza.”