Wa Ke Zaɓa Wa Ɗan Ƙwallo Abokin Karawa?

Da Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jihar Katsina daga Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba 1987, manya sun shiga lissafin wa zai zama kwamishina, wa zai zama babban sakatare. Mu da muke rataye da usur a makarantun sakandare, lissafinmu ƙarami ne: da wa yaranmu za su riƙa buga ƙwallo? Jiya-jiya Barewa da Alhudahuda na Zariya 'yan jiharmu ne, aka wayi gari sun zama na maƙwabta. Mutumin Funtuwa ya san Zariya ta fi masa birnin Katsina kusa, amma takarda ta ce arewa za mu fuskanta. Daga nan Malumfashi sai mu bi ta Dayi da Musawa, mu je neman sababbin abokan karawa a Kankiya da Dutsin-ma da Daura. Ba wanda ya tambayi gola ko kyaftin ra'ayinsa.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 1967 Gowon ya tsaga Jihar Arewa, muka faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda Murtala ya mayar Jihar Kaduna a 1976. Duk sanda aka ja sabon layi a taswira, jadawalin wasannin makarantu sai ya bi. Ita kanta ƙwallon ai ta ƙofar makaranta ta shigo ƙasar nan. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka kai ta Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, Turawan da ke cikinta sun ɗauki wasa a matsayin rabin tarbiyya. A can su Sardauna suka koyi wasan nan na dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ɗalibanta da suka fito suka zama malamai su suka baza wannan ɗabi'a a midil da firamare, har ta iso mana.

A zamanin da na kama aiki, abu biyu ne ke yanke hukuncin wanda za ka kara da shi: takardar ma'aikatar ilimi da tankin mota. Inda man da shugaban makaranta ya sa hannu a kansa zai kai ka ya dawo da kai, nan ne iyakar duniyarka. Saboda haka Bakori da Ƙafur da Ƙanƙara da Funtuwa su ne abokan gabarmu, kuma gabar mai daɗi ce, don yaron da ya zura maka ƙwallo ranar Asabar za ka gan shi a kasuwa yana taya ubansa auna masara. Wasan ya fi armashi bayan an cire amfanin gona, kuɗin auduga ya shiga aljihu, hazo ya fara sauka. Ba ƙofa, ba tikiti. Masu rake da masu gyaɗa su zagaye fili, dattawan da ba su san ofsayid ba su zo kallon jikokinsu, a tashi ana yi wa juna tsiya har wata shekara.

Talabijin kuwa yana nan, amma ba shi da ta cewa. Gwamnatin Arewa ta buɗe nata a Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasa a ƙarƙashin NTA a 1977. Akwatunan da ke garin nan a lokacin ba su da yawa, wutar ma sai ta ga dama. Rediyo ne ya kawo mana labarin Raccah Rovers ta Kano da ta ci lig a 1978, da Ranchers Bees ta Kaduna da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988. Katsina United ma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, sau ukun kuma aka doke ta. Har yanzu akwai masu jin ciwon abin a garin nan. Idan an nuna irin wannan wasa, hidima ce gwamnati ta yi wa jama'a, kamar labaran ƙarfe tara. Ba wanda ya ɗauke shi haja.

Shekarar 1992 ce ta sauya lissafin, ta fuska biyu da ba su san da juna ba. A Najeriya gwamnatin soja ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin. A Ingila kuma manyan kulob 22 suka fice daga tsohon lig ɗinsu, wanda aka kafa tun 1888, suka kafa Firimiya, suka sayar wa Sky da BBC izinin nuna wasanninsu na shekara biyar a kan fam miliyan 304. Dalilin ficewar ba ɓoyayye ba ne: sun gaji da raba kuɗin talabijin da ƙananan kulob. DStv ta fito a 1995, Kanu ya koma Arsenal a 1999, daga nan fa sai rumfunan kwano da zana suka fara tsirowa a unguwanni: benci, janareta, akwati biyu ko uku, da allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin yau da alli. Na ga yaran da nake koya wa bugun kwana suna tsallake atisaye saboda Chelsea za ta buga. Ban ga laifinsu sosai ba. Hoton can ya fi namu kyau, ciyawar ma ta fi.

Masu gidajen kallo su suka fara ɗanɗana abin da ake nufi da cinikin izinin nuna wasa. A 2007 wani kamfanin Najeriya, HiTV, ya ƙwace yawancin wasannin Firimiya daga hannun SuperSport. Duk mai son riƙe 'yan kallonsa dole ya sayi sabon dish da sabuwar dikoda. A 2010 izinin ya koma inda ya fito, HiTV ya durƙushe a 2011, kayan suka zama na 'yan gwangwan. An yi cinikin a ɗakunan taro na Landan da Legas, asarar ta sauka a kan mai rumfa a Malumfashi.

Wanda yake son ganin inda wannan hanya take ƙarewa, ya dubi jami'o'in Amurka. Ƙwallonsu daban ce, runguma ake yi a ruga da ita, amma a can wasan jami'a ya kai wasan ƙwararru jan jama'a. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kuma asalin kowane rukuni maƙwabtaka ce, wato waɗanda jirgin ƙasa zai iya haɗa su a kwana ɗaya. Tun farkon shekarun 1950 hukumar wasanninsu, NCAA, ita kaɗai ke sayar da izinin talabijin, tana kuma taƙaita yawan fitowar kowace jami'a, don tsoron kada mutane su zauna gida su bar filaye wayam. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ta ƙara. A 1984 Kotun Ƙoli ta ce tsarin babakere ne, kowa ya je ya sayar da kayansa.

Jami'ar Notre Dame ce ta fara yin gaban kanta: tun 1991 NBC ke nuna duk wasanninta na gida. A 2011 Jami'ar Texas ta ƙulla da ESPN aka buɗe mata tashar kanta, dala miliyan 300 cikin shekara 20. Maƙwabciyarta Texas A&M ta ji haushi, ta tattara ta koma rukunin SEC a 2012, karawar da suke yi tun 1894 ta tsaya cak, ba a sake ba sai 2024. Amma abin da ya fi bayyana mini yadda kan 'yan talabijin ke aiki shi ne ɗaukar Jami'ar Rutgers da rukunin Big Ten ya yi a 2014. Rutgers ba gwana ba ce a fili. Darajarta ita ce tana zaune a gefen birnin New York, inda gidaje masu biyan kuɗin talabijin suka fi yawa. Kamfanin talabijin ba ƙwallo yake saye ba, idanu yake saye. Yana ɗora su a sikeli kamar yadda ake yi wa auduga a fuloti, ya ware lamba ɗaya da lamba biyu, kuma ba ruwansa da gonar da aka tsinko ta.

Daga nan abin ya zama rububi. Texas da Oklahoma suka sanar a 2021 za su koma SEC. A 2022 USC da UCLA na Los Angeles suka ce sun shiga Big Ten, wanda a shekarar ya sa hannu da Fox da CBS da NBC a kan kusan dala biliyan 7 na shekara bakwai. Rukunin da USC da UCLA suka baro, Pac-12, wanda tushensa ya koma 1915, ya kasa samun mai saye da daraja, a watan Agusta 2023 ya watse cikin 'yan kwanaki. Jami'o'i biyu kawai aka bari a kango, Oregon State da Washington State, ba don sun fi kowa rauni ba, sai don garuruwansu ƙanana ne. Yau Big Ten, mai goma a sunansa, jami'o'i 18 ne. Ɗalibin UCLA da zai je wasa Rutgers zai yi tafiyar da ta fi nisan Kano zuwa Jidda, ya dawo ya shiga aji. Kuma ba 'yan ƙwallon da ke kawo kuɗin kaɗai ba, har 'yan matan da ke buga ƙwallon raga. A matsayina na wanda ya sha rubuta wa iyaye takardar neman izini don tafiyar Funtuwa, wannan ba ya shiga kaina. Su yaran da ake cinikin guminsu, sai a 2021 aka yarda su karɓi kuɗin talla da sunansu, sai a 2025 aka yarda jami'a ta biya su kai tsaye.

Mu a nan namu ya bi ta baya. Lig ɗin ƙasa mai daraja ta biyu an daɗe ana raba shi rukunin arewa da na kudu, kuma dalilin bai wuce kuɗin mota da masauki ba. Babban lig ɗin ma an tsaga shi gida biyu a 2019 da 2023, don a gama da wuri a dace da jadawalin CAF. A can yawan kuɗi ne ya raba maƙwabta, a nan rashinsa ne ya bar mu tare. An taɓa ganin haske a 2013, lokacin da masu gudanar da lig suka sa hannu da SuperSport a kan dala miliyan 34. Muka fara ganin filin Sani Abacha cike maƙil a akwati, daidai lokacin da Kano Pillars ke cin kofi a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2017 kamfanin ya janye. Tunda yawancin kulob ɗin na gwamnatocin jihohi ne, aka koma jiran abin da gwamna zai sake. A ɓangaren jami'o'i, NUGA tana nan tun 1966, amma taro ne na 'yan kwanaki, a raba lambobi a watse. A 2018 aka fara gasar HiFL da nufin mayar da ƙwallon jami'a abin kallo da talla, Jami'ar Noma ta Makurɗi ta ɗauki kofin farko, ABU da BUK na cikin masu shiga. Ka tambayi matasa goma a tashar Malumfashi wa ya ci ta ƙarshe, ka ga idan za ka samu amsa.

Ba wai ba mu da abin sayarwa ba ne. Karawar Katsina United da Pillars tana da zafin da kowane ɗan talla ke nema, har ta wuce gona da iri a Afrilun 2022 aka tashi wasa ba a gama ba a Kano. A shekarar suka faɗi tare, a 2023 suka dawo tare. Idanun ma muna da su, dubbai, kowane Asabar da Lahadi. Sai dai an riga an auna su an sayar. Kowace naira da yaro ya miƙa a ƙofar gidan kallo, wani kaso nata kuɗin wata ne na dikoda, daga nan ta shiga cikin abin da kamfanin ke biyan Firimiya, ta ƙare a albashin ɗan wasan da bai taɓa jin sunan garin nan ba.

A ƙarshen 2023 StarTimes ta karɓi nuna lig ɗin Najeriya na shekara biyar. Na sami wani tsohon ɗalibina da ke da gidan kallo, na ce masa, "Kai yaro, yanzu ai sai ka riƙa nuna mana Katsina United."

Ya rusuna ya ce, "Malam, Allah ya ƙara girma, na Ingila a DStv suke, namu a StarTimes. Dikoda biyu ke nan, kuɗin wata biyu. Kuma namu ƙarfe huɗu na yammar Lahadi ake bugawa, lokacin da nake cika benci da na Ingila. Ga fetur tun da aka cire tallafi."

Na ce ko akwati ɗaya ya ware a gefe. Ya ce ya gwada, waɗanda suka zauna a gabansa kuɗinsu bai sayi man da janareta ya sha ba, kuma rabinsu suna ta waiwayen ɗaya akwatin.